Garin "selil sush" da ake tallarsa a Tawa: yana mai da SS ya koma AA?

Uwar Auta, Tawa:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon magana, na rasa wanda zan tambaya ne. Autana yana da emasi, ciwon jinin nan na gado da wasu ke ce ma sikila, SS ne, shekararshi 9. Sanyin da ya wuce sau ukku muna kwana likita, sau biyu anka ƙara mishi jini. Shekaranjiya wurin suna wata mata ta hiddo wani gari cikin ƴan ƙananan leda, ta ce sunanshi selil sush, ana zuba shi ƙarƙashin halshe da sassafe. Wai yana sabunta jini, mai SS in ya sha kwali shidda yana komawa AA. Kwali guda jika 35. Ta nuna muna bidiyon mutane suna shaida. Ƙanena da ke bida Abijan ya ce zai aiko kuɗin kwali ukku. Baban yaran bai ce i ba, bai ce a'a ba. Abin da ya tsaya mini a rai, na taɓa jin wani lokotoro a rediyo yana cewa da selil sush ake warkar da emasi a ƙasashen waje. To in gaskiya ne can, mi zai sa ya zama ƙarya nan?

Mai Shago, Wadata:
Wa alaikumussalam. Allah ya ba yaro lafiya. Hajiya, riƙe kuɗinki. Bara kawuna ya sha kwali huɗu don ciwon suga, har ya jingine maganin asibiti. A sume muka kwashe shi.

Hajiya Mai Atamfa:
Kai dai kullum da saurin yanke hukunci. Ni wata biyar ina shan sa, gwiwata ta yi sauƙi, yanzu a tsaye nake sallah. Likitoci ba sa son sa ne don zai kashe musu kasuwa.

Mai Shago, Wadata:
Hajiya, da girmanki, ke ma kina sayarwa ko?

Hajiya Mai Atamfa:
Ina sayarwa, ban ɓoye wa kowa ba. Abin da na sha na ji daɗinsa shi nake yi wa mutane hanya.

Ɗan Labo, Yamai:
Yaya, sannu da jinya. Aikina awon jini ne, ba lokotoro ba ne ni, amma zan faɗi abin da na sani. Tambayarki ta ƙarshe ita ce maganar. Lokotoron rediyo bai yi ƙarya ba. Matar ce ta ari sunan ta liƙa wa garinta.

Selil sush Faransanci ne, ma'anarsa ƙwayoyin halitta na tushe. A cikin ɓargon ƙashinmu akwai wasu ƴan ƙwayoyi da su ke haifar jini duka: jajaye masu ɗaukar iska, farare masu yaƙi da cuta, da masu tsayar da jini in an yanke. Ki ɗauke su kamar irin gero da ake ware wa a rumbu. Yana ba da hatsin ci, kuma yana ba da wani irin na baɗi, shi ya sa ba ya ƙarewa. Jar ƙwayar jinin mai lafiya tana kwana kamar 120 kafin ta mutu. Ta mai SS daga kwana 10 zuwa 20 ta gama, ga ta lanƙwashe kamar lauje tana toshe ƙananan jijiyoyi, ciwon ƙashin nan ke nan. To laifin ba na hatsin ba ne, a cikin irin yake. Ƙarin jini kamar auno hatsi ne a kasuwa, a ci ya ƙare. Abin da lokotoron yake nufi canza irin ne ɗungurungum, shi ake ce wa dashen ɓargo.

Su waɗannan ƙwayoyi masu rai ne. Ko dai a ɗebo su a sa wa mara lafiya ta jijiya da ɗuminsu, ko a daskarar da su cikin sanyin da ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri. Ki gaya mini yadda za su rayu cikin leda, cikin jakar hannu, a zafin Tawa na watan Afrilu. Ko da sun rayu, ciki zai narkar da su kamar yadda yake narkar da tsire. Kuma ki duba bayan kwalin, irin waɗanda na gani daga tuffa da inabi aka ce an samo su. Tuffa ba ta haifar jinin ɗan Adam.

Hajiya Mai Atamfa:
To yaron da na gani da idona fa? An auna shi kafin ya sha, SS. An sake aunawa, takarda ta fito da A a ciki.

Ɗan Labo, Yamai:
Hajiya, ki tambayi uwarsa ko an ƙara masa jini kafin awo na biyu. Wannan muna ganin sa a labo. Yaron da aka ƙara wa jinin mai AA, in aka yi masa elektroforez, awon da ke nuna ko mutum AA ne ko AS ko SS, A za ta fito, domin jinin aro ne ke yawo a jikinsa. A jira wata uku a sake, a ga in ba ta ɓace ba. Akwai kuma masu yin tes ɗin Emel kawai, shi kuwa ba ya bambanta AS da SS, iyakarsa ya ce akwai S. Sai a ce wa mai AS yana da emasi, daga baya a yi awon ƙwarai a ga AS, a ce magani ya yi aiki.

Uwar Auta, Tawa:
Ƙanena, Allah shi biya ka. Wanga misali na iri ya shige ni. To shi dashen ɓargon, yaya ake yin shi? Ɓargon wa ake sa mishi?

Ɗalibar Likita, jami'ar Abdu Mumuni:
Inna, bari in sa baki, abin da muke karantawa ne. Ana neman wanda jikinsu ya dace, ba rukunin jini ba, wani awo ne dabam da ake kira HLA. Mafi kyau ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, kuma kowane ɗan'uwa damar dacewarsa ɗaya ce cikin huɗu. In an samu, sai a ba yaron magani mai ƙarfi irin na ciwon daji ya share ɓargonsa, kamar sharar gona kafin shuka, sannan a ɗura masa na ɗan'uwan ta jijiya. Ƙwayoyin da kansu suke gane hanyar ƙashi su zauna. An gano yana warkar da emasi ne kusan bisa tsautsayi: a 1984 aka ba da labarin wata yarinya ƴar shekara 8 a Amurka mai ciwon dajin jini da emasi a haɗe. Don dajin aka dasa mata ɓargon ɗan'uwanta, sai emasin ma ya tafi. Yau in yaro ƙarami ne kuma ɗan'uwansa ya dace sosai, kusan tara cikin goma suna warkewa. A Najeriya ma asibitin koyarwa na jami'ar Benin ya fara yi a 2011.

Baban Ƴan Mata, Bukoki:
Tara cikin goma. Ɗiyata, ki faɗa mata labarin na goman kuma. Ni na kai ƴata Indiya, fili biyu na sayar da motar da nake haya da ita, ƴan'uwa suka cika. Alhamdu lillahi ta warke, shekara huɗu ke nan ba mu kwana asibiti don ciwon ƙashi ba. Amma ba zan ce wa kowa abu ne mai sauƙi ba. Gashinta duk ya zube. Bakinta ya yi gyambo, ruwa ma da ƙyar. Makonni tana cikin ɗaki ita kaɗai da uwarta, ni ta gilashi nake leƙen ta, don ko mura aka shigar mata tana iya kashe ta. Bayan mun fito fatarta ta yi ta ƙuraje, suka ce ɓargon yayarta ne yake ganin jikinta baƙo yana yaƙar sa. Ka ji baƙon da aka saukar ya tashi yana dukan mai gida. Wata shida muka yi a can. Yaron da ke ɗakin kusa da namu, ɗan wata ƙasa ta gabashin Afirka, da akwati iyayensa suka koma.

Kuma akwai takardar da suka ba ni in sa hannu tun kafin a fara, cewa mai yiwuwa ba za ta haihu ba saboda maganin sharar ɓargon. Na sa hannu. Yanzu shekararta 15, har yau ban san ta bakin da zan gaya mata ba.

Uwar Auta, Tawa:
Inna lillahi. Alhaji, Allah shi ba ta miji nagari da ɗiya masu albarka, ba a yanke ƙauna.

Baban Ƴan Mata, Bukoki:
Amin Hajiya. Wani abu kuma da suka jaddada mini: jininta ne ya canza, abin da za ta gadar wa ƴaƴa bai canza ba. In Allah ya ba ta haihuwa, S za ta ba su. Shi ya sa na yi dariya da na ji wai gari na mai da mutum AA. Ni da na sayar da fili biyu ban samu haka ba.

Direban Ƙonni:
Ni fa abin da nake ji, wai da jarirai ake haɗa wannan abu. Ana zubar da ciki a kwashe. In haka ne ko kyauta ba na so.

Ɗalibar Likita, jami'ar Abdu Mumuni:
Kawu, an haɗa maka magana biyu ne a tukunya ɗaya. Dashen ɓargo babu ruwansa da ciki, daga mutum mai rai ake ɗiba, ɓargonsa ya mayar cikin ƴan makonni. Akwai kuma jinin cibiya da mabiyiya, wanda mu binnewa muke yi. Shi ma cike yake da ƙwayoyin tushe. A 1988 a asibitin Saint-Louis na Paris, Farfesa Eliane Gluckman ta dasa wa wani yaro jinin cibiyar ƙanwarsa, ya rayu.

Wanda ya ta da ƙura shi ne na 1998, lokacin da James Thomson na jami'ar Wiskonsin ya raya ƙwayoyin tushe daga ɗan tayi mai kwana kamar biyar, ragowar waɗanda ake haɗawa a kwalba don masu neman haihuwa. A wannan matakin ɗigo ne da ido ba ya gani sosai, amma ƙwayoyinsa na iya zama kowane sashe na jiki, zuciya ko ƙwaƙwalwa ko ido. Sai dai in an ɗebe su, ɗan tayin ya lalace. Nan rigimar take. Daga baya wani Bajapane, Shinya Yamanaka, ya nemo wata hanya: ya ɗauki ƙwayar fata ta baligi, ya sa mata abubuwan gado guda huɗu, ta koma kamar ta ɗan tayi. A ɓera ya yi a 2006, a mutum a 2007, aka ba shi kyautar Nobel a 2012. Ni wannan har yau mamaki yake ba ni, kamar a mai da tuwo ya koma gero.

Malam na Masallacin Unguwa:
Bismillah. Ɗan'uwa direba, tsoronka yana kan hanya, amma malamai sun riga sun zauna a kan mas'alar. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta tattauna ta a 2003. Ta halatta a ɗiba daga baligi da izininsa in ba zai cutu ba, daga yaro da izinin waliyyinsa, daga cibiya da mabiyiya, daga ɓarin da ya zo da kansa, har da ragowar na kwalba in iyayen sun bayar. Ta haramta a zubar da ciki da gangan don wannan. Hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar mata da magani, saboda haka nema ba rashin tawakkali ba ne. Ke kuwa Hajiya Mai Atamfa, mai sayar da garin nan, ina yi miki nasiha don Allah: sayar da abu da siffar da ba tasa ba algus ne, ko da ke kin yarda da shi.

Almajirin Illela:
Allah gafarta Malam, ba ja nake da kai ba. Amma mu nan Malikawa ne, kuma mashhurin mazhaba shi ne da zarar maniyyi ya zauna cikin mahaifa ba a taɓa shi, ko kwana arba'in bai yi ba. Ta yaya ragowar kwalba za ta halatta?

Malam na Masallacin Unguwa:
Ka amsa wa kanka: cikin mahaifa. Wannan bai shiga mahaifa ba, hujjar masu halattawa ke nan. Akwai malaman da ba su natsu da ita ba, ban ce babu ba. Amma yaron Hajiya ba wannan yake buƙata ba, kada mu ɗora mata kayan da ba nata ba.

Madam Koyarwa, Dogon Dutsi:
Mu ma a cocin Katolika ba a yarda a lalata ɗan tayi ba ko na kwana nawa ne, amma ba a hana na ɓargo da na cibiya ba. Ni tambayata dabam ce. Mahaifiyata na da ciwon karkarwa. An ce akwai inda ake allurar selil sush a waje, ana biya a dala.

Ɗalibar Likita, jami'ar Abdu Mumuni:
Madam, ki yi hattara. Na ciwon karkarwa bai gama tabbata ba tukuna, jami'ar Kyoto ta fara gwajinsa a 2018 da mutane ƴan ƙalilan. Na ciwon suga irin na yara shi ma gwaji ne. Wanda ya tabbata ake yi yau da gobe shi ne na cututtukan jini, sai ɗan abin da ya shafi fatar wanda ya ƙone da fatar ido. Duk asibitin da ya ce allura ɗaya na maganin shanyewar jiki da suga da rashin haihuwa, ɗan'uwan mai sayar da garin nan ne, kwat kawai ya sa. A jihar Florida a 2015 an ɗebi kitsen wasu tsofaffin mata uku, aka tace aka yi musu allurarsa a ido biyu da sunan ƙwayoyin tushe. Kowacce ta biya dala 5000, kuma ganinsu ya lalace, ɗaya ta makance gaba ɗaya.

SS Ɗan 34:
Tun ɗazu ina karantawa. Kuna ta maganarmu kamar ba ma cikin zauren. Ni SS ne, shekarata 34, ina da mata da yaro, ina aiki. An sha gaya wa uwata ba zan kai ashirin ba.

Labarin sabon maganin nan na bi shi kamar mai bin wasan ƙwallo. Casgevy sunansa. Ba a neman ɗan'uwa, ƙwayoyin tushenka ake ɗiba, a gyara su da almakashin gado da ake kira CRISPR, a mayar maka. Ingila ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka a Disamba, ga masu shekara 12 zuwa sama. Ranar na kasa barci don murna. Washegari na ga kuɗin: dala miliyan 2.2, ya haura miliyar guda na sefa. Ga shi mafi yawan jariran da ake haifa da cutar a Afirka suke. Na kashe waya na tafi aiki.

Amma Inna, ga abin da na tsinta a ciki. Dabarar maganin ita ce a ta da jinin jarirai da jiki ke yi tun muna ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Shi ya sa jariri mai SS yakan yi watannin farko lafiya lau. To akwai tsohuwar ƙwaya, idroksi'ure, ita ma wannan jinin take ƙarawa, sai dai ba ta kai waccan ba, kuma kullum ake sha. Ba ta warkarwa. Amma an gwada ta a kan yara a Angola da Kwango da Kenya da Uganda, ciwo ya ragu, ƙarin jini ya ragu, mutuwa ta ragu. Ni tun da aka ɗora ni a kanta na manta rabon da in kwana asibiti sau uku cikin sanyi ɗaya. Lokotoro ne ke rubuta ta gwargwadon nauyin yaro, kuma ana bin ta da awon jini, ba a saye a sha da ka. An taɓa yi muku maganarta?

Uwar Auta, Tawa:
Wallahi ɗana ka hwaɗi gaskiya, sai da ya yi wata bakwai hannuwanshi sunka fara kumburi. Ita ƙwayar ban taɓa jin sunanta ba. Folik da maganin zahi kawai muka sani.

Tsohon Soja:
Duk wannan dogon turanci ne. Da an yi awo kafin aure da ba a zo nan ba. AS da AS, kowane ciki ɗaya cikin huɗu ne. Ku yi ta auren zumunci kuna kuka.

Uwar Auta, Tawa:
Baba, ɗan baffana ne, shekara 19 da aurenmu. Lokacin wa ya san wani awo a garinmu?

SS Ɗan 34:
Baba, da girmanka, maganarka gaskiya ce amma ba muhallinta ba ne. Ka gaya wa masu shirin aure, ni ma sai da na ga takardar matata kafin in kai goro. Wannan baiwar Allah yaronta ya riga ya zo duniya. Kuma in ka ce da ba a zo nan ba, ka tuna ni ne "nan" ɗin.

Tsohon Soja:
Na karɓa. Hajiya, ki yafe ni, bakin soja ne.

Mai Kula da Zaure:
Madalla. Hajiya Mai Atamfa, na goge hoton kwali da lambar waya da kika sa. Muhawara ba a hana ki ba, talla ce ba a yi a nan.

Hajiya Mai Atamfa:
Shi ke nan. Ni dai gwiwata ta yi sauƙi.

Uwar Auta, Tawa:
Ya wuce Baba. Tambaya guda ta rage mini. Yayyenshi biyu ne, namijin AA, macen AS. In wata rana Allah ya hore, ita AS ɗin tana iya ba shi?

Ɗan Labo, Yamai:
Tana iya, Yaya, in HLA ɗinsu ya dace. Ita yarinyar 1984 ɗin ma ɗan'uwan da ya ba ta AS ne. Amma kada ki fara da can. Akwai cibiyar ƙasa ta masu emasi a nan Yamai, aikinsu ke nan. Ki zo da karnensa na asibiti da duk takardun awo, ki faɗi ranar da aka yi masa ƙarin jini na ƙarshe. Ki tambaye su maganar ƙwayar nan, da alluran rigakafi, da awon jijiyoyin kai da ake yi wa yara don gudun shanyewar ɓarin jiki. Maganar dashe su za su gaya miki ko yaron na cikin masu buƙatarsa.

Uwar Auta, Tawa:
Na kira Abijan. Ashe ya riga ya turo kuɗin, ya ce in yi na mota da su. Matar ta sake zuwa da la'asar, wai ta rage mini jika biyar. Na ce ta kawo mini takardar awon yaro guda wanda ba a ƙara ma jini ba wata ukku, ta ce za ta nemo. Baban yaran ya ce mu tahi ran Lahadi da motar safe.

Baban Ƴan Mata, Bukoki:
Ku sauka gidana nan Yamai, mai ɗakina ta ce ɗakin baƙi a share yake. Ki sa masa rigar sanyi da safa, iskar cikin motocin nan ba ta yi wa masu emasi daɗi, kuma ki riƙe gorar ruwa babba ya yi ta kurɓa. In kun wuce Doso ki kira, in fito tasha.